Jinin da Muka Kira Matacce

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Lawal, Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Duk shekara idan watan nan ya kama nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki biro in ajiye, domin abin da ke zuwa mini duk irin wanda ake faɗa a kan kowane mamaci ne: mai haƙuri ne, mai zumunci ne, ba ya riƙe mutum a zuciya. Duk gaskiya ne, amma ba su suka zaunar da ni yau ba. Bana tsoro ne ya sa ni rubutu, kuma gara in faɗa tun da wuri, kada mai karatu ya ɗauka yabo kaɗai ya zo ji. Ina tsoron abin da ya tafi da Yaya ya dawo, kuma wannan karon a cikin ɗakina ya sauka.

Yaya ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya, yana zaune da iyalinsa a gidajen ma'aikata na Garki, can hawa na uku. Ƙato ne, mai murya, wanda idan ya yi dariya a baranda sai maƙwabtan ƙasa sun leƙo. Na sha ganinsa ya saɓa buhun shinkafa a kafaɗa ya haye benen nan yana tsallake matakala bibbiyu, ya isa sama yana tambayar me aka dafa. Yana da wata tsohuwar mota da yake ji da ita kamar 'yar fari, duk da sai an tura take tashi idan ta kwana biyu a ajiye. Maigidana kuwa abokinsa ne tun suna makaranta, a wurin Yaya ma ya fara ganina, shi ya sa har bayan aurenmu ranar Asabar ba ta da wani wuri sai Garki.

Akwai wani dattijon wanzami da ke zuwa daga Jiwa da zabirarsa, ya yi wa Yaya da maigidana aski, idan lokaci ya yi kuma ya yi musu ƙaho. A baranda ake shimfiɗa tabarma. Su tuɓe riguna su zauna suna ba shi baya, ya kafa ƙahonni a ƙeya da kafaɗu, ya zuƙa, ya cire, ya yi 'yan tsage da aska, ya sake kafawa. Idan jini ya taru sai ya juye a wani fasasshen kasko ya miƙo musu su gani. Jinin yakan fito baƙi-baƙi, ya daskare kamar hanta, wanzamin ya taɓa shi da tsinke ya ce, "Ka gani ko, Alhaji? Mataccen jini ne. Da yana ciki yana ta aikinsa." Su biyun nan, manya da su, har gasa suke yi a kan na wa ya fi baƙi. Yaya ne yake cinyewa kullum, ya miƙe yana murza wuya, baki har kunne, yana cewa ya ji kamar an sauke masa kaya. Mu mata muna daga ƙofar falo muna dariya muna cewa Allah ya ƙara sauƙi.

Ban zo yin faɗa da ƙaho ba. Abu ne da muka tashi muka tarar, yana da gurbinsa a addini, kuma wanzamin nan sana'ar gidansu yake yi da zuciya ɗaya. Faɗana da kalma ɗaya ne, kalmar nan ta matacce, domin ita ce ta rufe mana ido.

A shekararsa ta ƙarshe Yaya ya fara canzawa, amma a hankali, yadda wanda ke ganinsa kowane mako ba zai farga ba. Ya riƙa kukan ciwon kai da nauyin ƙeya da kasala. Ya ce idan ya miƙe daga sujada yakan ga duhu. Dama mutum ne mai shan maganin ciwon jiki kamar gyaɗa, da safe tun bai karya ba zai watsa biyu ya kora da shayi. Da ciwon kan ya matsa, sai ya ƙara yawan maganin, ya kuma ce wa wanzami ya daina jiran lokaci, ya riƙa zuwa akai-akai. Lissafinsa mai sauƙi ne: jikinsa ya yi nauyi saboda mataccen jini ya taru, ga shaida nan a kasko. Daga baya matarsa ta gaya mini har bayan gidansa ya koma baƙi kamar kwalta, shi kuwa murna ya yi, ya ce maganin basir ɗin da yake sha ne ke wanko dattin ciki. Fatarsa ta yi haske, mutane suna ce masa hutu ya karɓe shi.

Sai kuma maganar bene. A kwanar matakala, tsakanin hawa na biyu da na uku, akwai wata 'yar taga da ake hango inda ake ajiye motoci. Yaya ya ɗauki ɗabi'ar tsayawa a nan. Zai dafa bango ya leƙa ya ce, "Ku yi gaba, bari in duba ko na kulle mota." Maigidana ya samu abin tsokana. Yakan juyo daga sama ya ce, "Oga, motar nan ko da kuɗin mai ka haɗa ka bayar, babu ɓarawon da zai wahalar da kansa." Yaya ya yi dariya, ba irin ta da ba, gajeriya, ya ce, "Kai dai hassada ke damunka." Muna shiga gida, sai can mu ji takunsa.

Wata rana da hantsi wuta ta ɗauke a ofishinsu, lif ya tsaya, ya bi matakala. A nan ya yanke jiki ya faɗi. Ko da muka isa asibiti ya farfaɗo, yana kwance yana haki kamar wanda ya yi tsere, alhali ko yatsa ba ya ɗagawa. Likitar wata mata ce 'yar Filato, ba ta da yawan magana. Ta sa babban yatsa ta ja fatar idonsa ƙasa. Ina tsaye kusa da ita, na ga cikin fatar, wurin da ya kamata ya zama ja, fari fat kamar takarda. Ta juya tafin hannunsa ta duba, ta dube mu ta ce, "Wannan oga ba shi da jini. Tun yaushe yana haka?" 

Aka ce a nemo masu ba da jini, maigidana ya fara miƙa hannu. Da aka zo ɗaura wa Yaya ledar jini, na dubi abin da ke cikinta. Baƙi-baƙi ne, sak irin na cikin kasko. Na tare nas na ce ta dakata, na je na samu likitar na ce, "Likita, jinin nan ai matacce ne. Shi za ku sa masa?" Na zaci za ta yi mini tsawa. Sai ta ja kujera ta zauna a gefen gadon, ta yi bayani yadda shi ma Yaya zai ji.

Abin da ta faɗa ban manta ba, na kuma bi shi da tambaya da karatu a shekarun nan har ya zauna mini. Iskar da muke shaƙa akwai wani sashe nata, oksijin, wanda kowace tsoka da ƙwaƙwalwa da ita kanta zuciya ba sa rayuwa sai da shi. Amma iska iyakarta huhu, ba ta da ƙafar zuwa yatsa ko ƙeya. Jini ne ke kai ta. A cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi, ƙanana ƙwarai, kowace ɗauke da wani sinadari mai ƙarfe a jikinsa da ke kama oksijin idan jini ya ratsa huhu. Da ya kama sai jinin ya yi ja jawur. Zuciya ta tura shi cikin manyan jijiyoyi, su rarrabu zuwa ƙanana, har zuwa waɗanda suka fi gashi siranta, inda ƙwayoyin ke sauke abin da suka ɗauko su ba naman jiki. Da sun sauke sai launin jinin ya yi duhu, ya juya ya koma zuciya, ta mayar da shi huhu ya sake ɗauka. Haka yake zagayawa tun ranar da aka haifi mutum.

"Madam," in ji ta, da Hausarta irin ta Abuja, "jini mai duhu bai mutu ba. Ya kai kaya ne, yana komawa ya ɗauko wani. Na kowa haka yake, har nawa." Ta ce mu ɗauka unguwa ce da ake sayen ruwa a wurin 'yan garuwa. Rijiyar burtsatse a cike take, amma masu turo kura sun ragu, to dole gidaje su zauna da ƙishi, 'yan kaɗan ɗin da suka rage kuma a riƙa kora su da gudu. Huhun Yaya lafiya lau, iska tana shiga, masu kai ta ne suka ƙare. Zuciya ce ke korar sauran, shi ya sa take bugawa da sauri haka, kuma ta daɗe tana wannan aikin ba hutu.

Ta yi adalci, ba ta ɗora wa ƙaho laifin duka ba. Ta ce mai lafiya ya yi ƙaho jefi-jefi, ɓargonsa zai mayar da abin da ya fita cikin 'yan makonni. Yaya gyambo ne a cikinsa, magungunan ciwon jikin nan suka ci shi, jini yana tsiyaya ta ciki wata da watanni, baƙin bayan gidan nan ma jini ne. Ana zuba ta ciki, shi kuma yana ƙara ɗiba ta waje, kuma duk alamar da jikinsa ya ba shi ta ƙarancin jini sai ya fassara ta da yawansa. Yaya yana ji. Ya daɗe yana kallon ledar da ke rataye a kansa, sannan ya ce a hankali, "Ashe ma'aikata nake ta sallama, suna tsakiyar aiki." Ya so ya yi dariya, numfashin bai kai ba.

An ƙara masa jini, ya ɗan ji dama har ya nemi a kawo masa fura. Bayan 'yan kwanaki gyambon ya ɓalle gaba ɗaya, zuciyar da ta riga ta gaji ba ta iya jurewa ba. Da la'asar ta Allah ta kasance.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga Abuja ta yau. Wanzamin Jiwa shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Yanzu ƙaho ya shiga filaza, ya samu kanti mai na'urar sanyaya ɗaki, da gado mai farin zane, da samari masu safar hannu, sunansa ma ya koma hijama. Ƙahon saniya ya ba kofin roba wuri. An samu tsabta, wannan ba na musu. Amma ku buɗe wayoyinku ku ga tallan: ana ɗaga kofi a gaban kyamara, ana karkata shi don a ga yadda jinin ya daskare ya yi baƙi, ana cewa ku dubi gubar da ta fito daga jikin bawan Allah. Kaskon nan ne dai, aka wanke shi aka sa masa fitila. Na san Yaya, da farko zai yi santin wurin, ya tambayi ko suna ba da shayi. Amma mutumin da ya kalli ledar nan a asibiti, ina jin da zai tambaye su ko akwai wanda suka taɓa duba wa ido kafin su kwantar da shi.

Da kuma zai yi mamakin 'yar na'urar nan da ta shiga gidaje lokacin korona, wadda ake maƙalawa a yatsa ta nuna yawan oksijin a jini. Muna da ita a durowa. Na tambaya an tabbatar mini, abin da take aunawa shi ne ko ƙwayoyin da ke wucewa sun cika da kaya. Ba ta ƙirga su. Idan 'yan garuwa uku suka rage a unguwa, kowa da jarkokinsa cike, na'urar za ta ce komai lafiya. Mutum yana iya zama fari fat kamar Yaya, ita kuwa tana nuna masa lamba mai kyau.

To ga inda tsorona yake. Maigidana ya yi shekaru bai yi ƙaho ba bayan rasuwar abokinsa, ko zancen ba ya so. Sai ciwon gwiwa ya kama shi, ya fara 'yan ƙwayoyin ciwon jiki, yau ɗaya gobe biyu, a aljihu ma yake yawo da su. Bara wani abokin aikinsa ya kai shi ɗaya daga cikin kantunan nan, ya dawo yana yaba tsabtarsu, ya ce wannan ai na zamani ne, ba irin na baranda ba. Tun daga nan yake komawa. A 'yan watannin nan na ga yana barci bayan azahar, abin da ba ya yi da. Na ga yana zama kafin ya ɗaura takalmi, ya kuma zauna bayan ya ɗaura. Idan yana kusa da ni a mota ina iya ganin jijiyar wuyansa tana harbawa. Gidanmu na ƙasa ne, babu bene, saboda haka babu inda zai tona kansa.

Na yi magana, ba sau ɗaya ba. Mutumin nan da ya ba da jininsa, da kunnensa ya ji bayanin likita, sai ya sha mur ya ce na Lawal daban ne, Lawal gyambo ne da shi, shi kuwa cikinsa ko ƙugi ba ya yi. Na ce gwajin jini kawai nake roƙo, abin da ba ya ɗaukar lokacin shan shayi. Sai ya buɗe durowa ya maƙala na'urar a yatsa ya juyo mini da ita: "Karanta da kanki, Hajiya likita. Casa'in da takwas." Na yi masa bayanin 'yan garuwa, ya ce in bar 'yan garuwa su yi sana'arsu. Na kai hannu zan duba idonsa, ya kauce, ya ce shi ba ragon layya ba ne da za a riƙa buɗe masa ido a kasuwa. Namiji idan ya kafe, ko tsoro ne ya kafar da shi, sai ya kira abin da wani suna. Na san tsoro ne, domin nima shi nake ji. Har ya riga ya kama layin hijama na Asabar mai zuwa, ya ce ta dace da sha bakwai ga wata, ranar da ake son yin ƙaho, ba zai bari ta wuce shi ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce muka je Garki. Matar Yaya tana nan a gidan da yaranta, kuma duk shekara mukan taru a yi masa addu'a. Maigidana ya daɗe bai je ba, kullum da uzurinsa, ni kaɗai nake zuwa. Wannan karon babu yadda zai yi. Bayan an sauko daga masallaci muka isa, ya ajiye mota, muka kama matakala, ina gaba yana baya. Hawa na farko yana ba ni labari. A na biyu labarin ya yanke. Ban juya ba, amma duk jikina kunne ne, ina jin takunsa yana ja, ina jin numfashinsa. Na wuce kwanar nan mai taga, na taka 'yan matakala, sai takun ya tsaya.

Ya ce, "Yi gaba, bari in duba ko na kulle..."

Bai ƙarasa ba. Na juyo na same shi dafe da bango, daidai inda hannun Yaya yake sauka, fuskarsa a taga amma ba mota yake kallo ba. Shi da kansa ya ji abin da ya fito daga bakinsa, a wurin da ya sha tsayawa daga sama yana tsokana.  Daga sama ana jiyo muryar yara da ƙarar kwanuka. Na sauko na tsaya a gabansa. Can sai ya cire tabarau, ya sunkuyo da kansa wajen hasken tagar, ya ce, "Maman Sadiya, duba mini."

Na sa yatsa na ja fatar idon.  Ba fari fat ba ne irin na Yaya, akwai sauran ja kaɗan, kamar zanen da ya sha wanki. Amma na san abin da na gani, shi ma ya karanta a fuskata. Ba mu hau ba. Na kira matar Yaya a waya daga tsakiyar benenta na ce su yi addu'ar, su haɗa da mu. Muka sauko a hankali, ni na tuƙa.

Gwaji ya nuna jininsa ya yi ƙasa sosai. An karɓe ƙwayoyin aljihun, an ɗora shi a kan magani, amma har yanzu ba a san ta inda jinin ke zuba ba. Likita ya ce zai iya zama gyambo, zai iya zama abin da ya fi gyambo, ba zai ce komai ba sai an zura na'ura an leƙa cikin. Ban san me za a gani ba. Ina sallah ina roƙo, ina girki ina roƙo, kuma duk sanda ya yi shiru a falo sai na leƙa.

Idan na auna abin da ya rage na Yaya Lawal bayan shekara tara, ba shi da yawa a ido. Motar an sayar wa masu gwangwan. Kujerarsa ta ofis wani ya gaje ta tun kafin a yi arba'in. Yaransa sun girma, ƙaramin ya ɗauko muryarsa, idan ya yi dariya sai matar Yaya ta fita daga ɗakin. Amma ya bar mana wata magana guda, 'yar ƙaryar da yake rufe hakinsa da ita don kada mu damu, kuma ita ce ta tsayar da abokinsa a inda roƙona ya kasa. Da ransa bai iya ceton kansa da ita ba. Ina fatan Allah ya sa ta ceci wani, ya kuma rubuta masa ladan.

Asabar ɗin da aka sa za a kafa wa maigidana kofi, a asibiti za ta same mu, ranar za a leƙa cikin. Ina roƙon masu karatu su sa mu a addu'a, su sa Yaya. Wanda kuma yake da wani a gida mai tsayawa a tsakiyar bene yana duba mota, kada ya wuce sama ya jira shi. Ya sauko ya same shi.